Zaɓen shiri mai amfani a talabijin da naɗar shi don kallo daga baya

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake zaɓen shirin talabijin da naɗar shi, yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa yawan tashoshi ba ya magance rashin abin kallo, domin mutum yakan ɓata rabin sa'a yana danna rimot ba tare da ya tsaya kan komai ba. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a riƙa duba jadawalin shirye-shiryen da dikoda ke nunawa, a zaɓi na mako tun da wuri.

An fi daɗewa kan maganar naɗa, kuma a ganina nan ne amfanin yake. An ja hankali cewa shirin da ake watsawa kai tsaye ba ya cika ƙarewa a kan lokaci. Wasan ƙwallon ƙafa na iya shiga ƙarin lokaci na minti 30, har ya kai ga bugun fenareti, saboda haka ya kamata a ƙara wa naɗin lokaci a ƙarshe, don kada ya yanke ana tsakiyar bugu. Wanda kuma yake son kallon wata tasha yana naɗar wata, sai ya tabbatar na'urarsa tana iya kama tashoshi biyu lokaci guda.

Hoto mai tsabta sosai yana cin wuri a ma'adana, don haka a riƙa goge abin da aka kalla. Wasu sun ƙara da cewa abin da talabijin ta naɗa a filashi sau da yawa ba ya buɗewa a wata na'ura.