Na ƙara masara a Enum, buhunan wake sun koma dawa

Ɗan Zariya 2, Maradi: Salama alaikum ƴan'uwa. Ina riƙe da wata ƴar manhaja da aka rubuta da harshen Python da ke lissafin buhuna a sito na wani ɗan kasuwa. Kayan na jera su cikin Enum (jerin sunaye, kowane da lambarsa) da auto() (mai ba su lamba da kansa): GERO, DAWA, WAKE, GUJIYA. Alhajin ya fara sayen masara, sai na sa MASARA ƙarƙashin GERO. Yanzu tsohon lissafi ya rikice: wake na fitowa dawa, dawa na fitowa masara. Gero kaɗai ya tsira. Ina mafita?

Malamin lissafi, Tasawa: Wa alaikumus salam ƙanena. auto() ba ya duba suna, layi yake bi, daga 1. Da can WAKE 3 ne. Da masara ta shiga ta biyu, duk na ƙasanta suka matsa gaba da ɗaya, 3 ta zama ta DAWA. Ma'ajiyarka kuwa lamba ta adana, ba suna ba. A harshen C ma haka abin yake, sai dai can daga 0 ake farawa. Rubuta lambobin da hannunka: GERO = 1, DAWA = 2, WAKE = 3, GUJIYA = 4, MASARA = 5.

Ɗan Zariya 2: Na gode Malam. Amma Alhaji na son ganin masara kusa da gero a allo.

Ƴar Madarunfa: Wannan ai ba matsala ba ce, yayana. Bar MASARA = 5 a layi na biyu. In ka zagaya Enum da for (umarnin bin jeri ɗaya bayan ɗaya), tsarin da ka rubuta yake bi, ba girman lamba ba, tun shigowar Enum a Python 3.4 cikin 2014. Ka kuma ɗora @unique a saman Enum ɗin, shi ke hana suna biyu cin lamba ɗaya. In ba haka ba, ranar da suna biyu suka ci lamba ɗaya, na biyun zai zama laƙabin na farko kurum, for ta tsallake shi ba tare da ko gargaɗi ba.

Malamin lissafi: Kafin ka taɓa komai, kwafi ma'ajiyar. Buhunan da aka shigar bayan ka ƙara masara da sabbin lambobi suka shiga, don haka 3 ta makon jiya wake ce, ta yau dawa. Ware su da kwanan wata, ka gwada da littafin mai sito.