Shiga da fita a hannun jari: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai shagon waya, Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum ƴan uwa. Mu da muke taɓa saye da sayar da hannun jari a BRVM, wato kasuwar hannun jari ta Abijan, daga nan Maraɗi, kowa ya ba da labarinsa. Ni dai shiga ba ta taɓa ba ni wuya ba. Na sayi hannun jarin wani kamfani, cikin mako biyu ya hau, na ce bari ya ƙara. Da ya juyo ƙasa, na ba dillali umarni ya sayar, kwana uku babu mai saye a farashin da na sa. Ashe wasu kamfanonin, yini guda ba a cinikin hannun jarinsu sai ɗan kaɗan. Ribar da na gani a waya, a wayar ta ƙare.

Wani Alhaji mai saron wake: Ƙanena, abin da ya same ka shi ke samun wanda ya ɓoye wake yana jiran bazara har ƙwari suka riga shi. Ni kafin in saya, farashi biyu nake rubutawa a littafin shago: inda zan ɗauki riba, da inda zan haƙura in fita da asara. Kuma ba na taɓa abin da ba shi da masu ciniki kullum, shi ya sa na fi zama kan irin su Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal. Na banki kuwa na bar su, saboda maganar kuɗin ruwa. Ka sani a BRVM farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 cikin ɗari a yini. Wasu na ganin kariya ce, amma ranar da kowa ke gudu, sai ka tarar ya kai ƙasan iyakar, masu saye sun ɓace, gobe ma haka.

Malama, unguwar Zariya: Alhaji, ni la'ada ce ta koya mini hankali. Jaka ɗari na sa, ya ɗan motsa na sayar. Da aka cire na saye da na sayarwa, abin da ya rage ko cefanen yini bai kai ba. Sai na sake shiga ana gab da rabon riba, ban san ranar da aka cire ribar farashin kan sauka kusan daidai da ita ba.

Ɗan canji, Babbar Kasuwa: Ni kasuwar hannun jari ta Legas na bi. Na fita da riba a naira, amma a watan Yunin 2023 aka saki naira ta faɗi. Da na mayar da kuɗin sefa, uwar kuɗin ma ba ta cika ba.

Mai shagon waya: Alhaji, farashin haƙurin nan, kashi nawa kake sa shi ƙasa da sayenka?