Tsohuwar i7 ko sabuwar i3? Gardamar da ta kaure a zauren 'yan gem na Katsina

Abba (Ƙofar Marusa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, ina son in haɗa kwamfutar buga gem. FC, wato gem ɗin ƙwallon ƙafa, da GTA V kawai nake nufi, ba wani abu mai nauyi ba. Kawu Lawal ya ce in zo shagonsa in ɗauki 'yar kwatano mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-4790, a ɗora mata katin hoto RX 580, shi ke nan. Wani abokina kuma ya ce in nemi furosesa i3-12100F sabuwa. Ni dai abin da na sani 7 ta fi 3. Ku raba mu.

Alhaji Lawal: Wa alaikumus salam. Abba, ai ka riga ka raba da bakinka. i7 i7 ce, ko ta wace shekara. Waɗanda suka ƙera su ne suka jera su 3, 5, 7, ba ni na jera ba. Tsohuwar Marsandi ko ta sha hanya ba a haɗa ta da sabon Keke Napep.

Malam Nura mai gyara: Alhaji, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Jerin 3, 5, 7 tsakanin 'yan shekara ɗaya yake aiki. Ita 4790 a 2014 ta fito, 12100F kuwa farkon 2022, zubi takwas ke tsakaninsu. Ga abin da mutane ba su lura da shi ba: duka biyun ƙwaya 4 gare su, wato sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa, layin aiki 8. Abin da Intel ta sayar da sunan i7 a 2014, irin adadinsa ta sayar da sunan i3 a 2022, sai dai kowace ƙwaya ta sabuwar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Gem kuma saurin ƙwaya yake ci, ba lambar da ke jikin sitika ba.

Alhaji Lawal: Malam Nura, ku masu gyara kullum sabo kuke so a saya don a kawo maku haɗawa.

Malam Nura mai gyara: Ai da don aljihuna ne, Alhaji, tsohuwar zan yaba. Ita ce ke dawowa teburina.

Hafsat: Kawu, bari in ƙara wani abu da ba na sauri ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel ta fara karɓa, tana kuma neman na'urar tsaro ta TPM 2.0. 4790 zubi na 4 ce. Ana iya cusa mata ta bayan gida, na sani, yara suna yi, amma mutum ya sa kuɗinsa yau a kan injin da aka riga aka rufe wa ƙofa? Sannan DDR3 take ci, tsohon nau'in RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta. Ranar da Abba ya so ƙarin ƙarfi, babu furosesar kirki da zai ɗora a wannan madabod ɗin, allon da ake jona komai a kai, sai dai ya zubar da komai ya sake daga farko. Mai 12100F kuwa gobe yana iya cire ta ya sa i5-12400F a gurbi ɗaya.

Alhaji Lawal: 'Yata, karatu ya yi. To amma ki tambayi Abba nawa ne a hannunsa. Tawa da akwatinta take zuwa, da RAM, da fawa mai ba injin wuta, da faifai, a kunna ta tashi. Taku sai an sayi furosesa daban, madabod daban, RAM daban, akwati daban, fawa daban, kuma F ɗin nan da ke ƙarshen sunanta ma'anarsa ba ta nuna hoto sai da kati. Kafin ku gama lissafi kuɗin katin ya tafi. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Malam Nura mai gyara: Wannan maganar taka gaskiya ce, ba zan musa ba. In kuɗin ya yi ƙasa sosai, babu hanyar da ta kai tsohuwar kwamfutar ofis araha. Inda muka rabu shi ne RX 580 da ka ce a ɗora mata. Katin nan wat 185 yake sha shi kaɗai, kuma sai an ba shi waya mai fil 8 daga fawa. AMD, kamfanin da ya yi shi, da kanta fawa mai wat 500 ta ce a nema masa. Irin waɗannan injinan ofis na Dell da HP na wancan zamani, fawarsu yawanci ba ta kai wat 300 ba, babu wannan wayar a jikinta, kuma bakin da take shiga madabod nasu ne na kansu, ba irin na kowa ba. Sai ka ga an nemo adafta an jona daga wayar faifai. Wayar faifai ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba. Ranar da ta yi zafi, ƙauri za ka fara ji. In dai injin ofis ne, katin da ya dace da shi wanda ke shan wutarsa daga gurbinsa ne, wat 75 zuwa ƙasa, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. In akwatin siriri ne kuma sai an nemi gajeren kati, dogo ba ya rufuwa.

Bishir (Daura): Ni duk kun ba ni mamaki. Kuna ta i7 da i3, kun manta da furosesar AMD, Ryzen 5 5600G. Ƙwaya 6, da hotonta a cikinta, ba ruwanka da sayen kati. Abba ya haɗa ta yau ya fara buga gem ɗinsa, in Allah ya hore kuɗi baɗi ya ƙara kati. Ita nake amfani da ita a nan, GTA V na tafiya lafiya lau.

Shamsu mai gidan gem (Ƙofar Ƙaura): Bishir ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Duk wanda ke zancen kati bai fara da zancen wuta ba, bai zauna garin nan ba. Ku yi lissafi da ni. Batir mai bolt 12, 200Ah, wat-awa 2,400 ke nan a takarda. In kana son ya yi maka rai, rabi za ka sha, 1,200. Injin Alhaji: kati 185, furosesa 84, ka ƙara allo da sauran tarkace, ka haura 300. Awa huɗu ba ta cika ba batir ya yi ƙasa, ba a ma cire abin da inbata ke ci ba, ba a kunna fanka ba. Ita 5600G wat 65 aka rubuta mata, da hoton da komai. Da allonta duka wajen kashi ɗaya cikin uku na wancan za ta sha. Mai sola ƙarama a gida, wannan bambancin shi ne tsakanin ya buga har dare da ya koma kallon waya.

Hafsat: Yaya Shamsu, lissafin wutarka daidai ne, amma Abba FC ya ce. EA, kamfanin da ke yin FC, ta rubuta mafi ƙarancin katin da FC 24 ke buƙata: GTX 1050 Ti ko RX 570. Wanda ta ce ya fi dacewa kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT. Hoton cikin 5600G, Vega 7, bai kai ko 1050 Ti ɗin ba. GTA V tun 2015 ya fito a kwamfuta, dole ya tafi. FC zai buɗe, amma sai an sauke komai ƙasa, an rage girman hoto, kuma da an zo bugun kusurwa 'yan wasa sun taru a raga sai ka ga yana tsinkewa.

Bishir (Daura): Anti Hafsat, ya danganta da RAM. Yawancin masu kuka da ita sanda ɗaya suka sa. Ita ba ta da ma'ajiyar kanta, RAM ɗin injin take ara, don haka sai an ba ta sanda biyu, 8GB da 8GB masu gudun 3200, su yi aiki tare. Bambancin ba kaɗan ba ne.

Hafsat: Na yarda, kuma ko da kati ma sanda biyu ya kamata Abba ya saya. Amma ko ka ba ta biyun ba ta zama 1050 Ti. Sannan batun "baɗi a ƙara kati" akwai ƙaya a ciki. 5600G ba Ryzen 5 5600 ba ce da aka ƙara wa hoto. An rage mata ma'ajiyar kusa, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, daga 32MB zuwa 16MB, kuma hanyar da take magana da kati a tsohon tsarin PCIe 3.0 ta tsaya. In baɗin ta zo ya ga RX 6500 XT da araha ya ɗauka, ya shiga uku, don katin nan layi 4 kacal gare shi, a kan 3.0 shaƙewa yake yi. RX 6600 mai layi 8 ba ta damu sosai ba. Ni a ganina, wanda ya san ƙarshenta kati zai saya, ya sayi 5600 ko 12100F tun yanzu. 5600G ta wanda ya yanke cewa zai daɗe babu kati ce, kamar kai, ko wanda batir ya yi wa iyaka.

Mubarak: Ni dai na sha cin Abba a gidan Shamsu. Ko babban kati irin RTX 4090 aka ba shi, bayansa a buɗe yake.

Abba (Ƙofar Marusa): Mubarak ka bari manya na magana. Malam Nura, to in na bar injin ofis na haɗa da fawa mai kyau, RX 580 ɗin fa? 8GB gare ta, kuma ita ce mafi araha a duk inda na tambaya.

Malam Nura mai gyara: Ka tambayi kanka me ya sa ta yi araha. A 2017 ta fito, kuma tana cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka fi tarawa, suna barin su a kunne dare da rana shekara da shekaru. Da Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumba 2022, sai aka juye su kasuwa, su ne suka cika ko'ina har suka iso mana. Ba duka ne matattu ba, kada in yi wa katin ƙazafi, har yanzu tana buga FC a girman hoto na 1080 da mutuncinta. Amma fankokin sun gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe, wasu an sauya masu BIOS, manhajar da ke cikin katin, don haƙa ba a mayar ba. Na biyu, akwai wadda ake kira RX 580 2048SP. Ta ainihi ƙananan sassan sarrafa hoto 2,304 gare ta, wannan 2,048, daidai da RX 570. An yi ta ne don kasuwar Sin, ita ce kuma ke zuwa cikin sabon kwali da sunayen da ba ka taɓa ji ba. In za ka saya, a sa ta a inji a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga lambar da idonka, a sakar mata manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi na rabin awa kana kallon zafinta. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama.

Alhaji Lawal: Nawa ana gwadawa. Ban taɓa hana kowa ba.

Shamsu mai gidan gem (Ƙofar Ƙaura): Kuma gwajin a shagon da babu na'urar sanyi za a yi. Katin da ya zauna lafiya a ɗaki mai sanyi ba shi ne zai zauna lafiya a Katsina cikin Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen sanyaya, in ba ka busa duk bayan 'yan makonni ba sai ka ji fanka na kuka. Shi ya sa ni RX 6600 na fi so. Wat 132, 8GB ita ma, ta 2021 ce, kuma ta wuce 580 da tazara mai yawa. Ƙarin ƙarfi da ƙarancin wuta a abu ɗaya, ba kullum ake samun haka ba. In ba ta samu ba, GTX 1660 Super, wat 125, 6GB.

Alhaji Lawal: Ka faɗa masa kuɗin 6600 ɗin mana, Shamsu. Kuna ta zuga yaro.

Shamsu mai gidan gem (Ƙofar Ƙaura): Ta fi tsada, Alhaji, ban ɓoye ba. Amma a nan ya kamata kuɗin ya tafi. A injin gem na mai ƙaramin ƙarfi, kati ne ke ɗaukar kaso mafi girma, furosesa ta zama dai wadda ba za ta riƙe masa ƙafa ba. Kuskuren da na fi gani a wajen yaran da ke zuwa wurina shi ne a kashe kuɗi a sunan i7 don a faɗa wa abokai, sannan a ɗora mata ƙaramin kati irin GT 730 ko GT 1030, a dawo ana cewa gem ya ƙi.

Bishir (Daura): Ni har yanzu ban sauka ba. Abba, kana da sola a gida?

Abba (Ƙofar Marusa): Akwai ta Baba, batir biyu, amma firij da fankoki na kai.

Bishir (Daura): To ka je ka gaya wa Baba za ka jona masa wat 250 don buga ƙwallo, ka dawo ka ba mu labari.

Hafsat: Ba dole ta sha haka kullum ba. In ya kulle gem ɗin a hoto 60 a sakan, wanda shi ne iyakar yawancin allunan da ake samu a hannu, 6600 ba za ta yi aiki da duk ƙarfinta a FC ba, shan wutar zai sauka sosai. Ana kuma iya rage mata iyakar wuta a manhajar AMD.

Abba (Ƙofar Marusa): To ga inda na tsaya. 12100F da madabod H610, RAM sanda biyu, faifan SSD mai sauri. Kati kuma zan shiga Kano ranar Asabar in duba titin Beirut, in 6600 ta hannu ta shiga lissafina in ɗauka, in ba ta shiga ba 1660 Super. Kawu, allo da akwati da kibod a wajenka zan saya, kada ka yi fushi.

Alhaji Lawal: Fushin me, ɗana? Ka zo. Amma i7 ɗin nan ba za ta kwana uku a shago ba, wani zai ɗauka, kuma za ta yi masa aiki.

Malam Nura mai gyara: Za ta yi, a ofis ko a shagon buga takardu. Abba, ban ga fawa a jerinka ba. Kada ka yarda da wadda ake haɗowa kyauta da akwati, mara nauyi, an rubuta mata 600 a jiki. Ka nemi ta sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus na rashin ɓarnar wuta, wat 450 zuwa 550, da wayar kati a jikinta. Ka ware kuɗinta da na sitabilaiza kafin ka hau motar Kano, in ba haka ba a kan kati za su ƙare.