Sababbin kifayena suna haki a saman ruwa: ciwo ne ko ruwan ne?

Ummu_Kifi: Assalamu alaikum. Tankin gilashi ne mai cin lita 60, yau kwanansa 10 da haɗawa. Na cika shi da ruwan famfo, washegari na zuba jajayen kifin ado guda 6. Akwai filta da famfon iska, ina ba su abinci sau uku a rana. Tun shekaranjiya ruwan ya yi fari-fari, kifayen sun tattare fikafikansu, suna hawa sama suna haki. Biyu suna goga jiki da tsakuwa, ɗaya kuma na ga ɗigo fari a jelarsa. Wane magani zan saya?

MaiTanki: Wa alaikumus salam. Hajiya, a dakata da magani tukuna, a fara gwada ruwan. Alamun nan sun fi kama da gubar sabon tanki.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba, ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama. A tankin da ya daɗe, akwai bakteriya a soson filta da ke mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. A kwana 10 ba su kai ko'ina ba, ga kifi 6 masu yawan kashi suna ci sau uku.

Ki nemi kayan gwaji na ɗigawa, sun fi na takarda daidaito. Amoniya da naitirait dole su nuna sifiri, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a lita. Ki duba pH ma, wato ma'aunin tsamin ruwa: a zafin digiri 25, ɓangaren amoniya mai guba kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne a pH 7, amma a pH 8 ya kai kusan kashi 5. Ninki goma ke nan.

Ko kafin kayan gwajin su zo, yau ki cire rabin ruwan da tiyo, kina zuƙo dattin da ke cikin tsakuwa. Sabon ruwan ki sa masa maganin kashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, kafin ki zuba, zafinsa ya zo ɗaya da na tankin. Ki hana su abinci kwana biyu, ba abin da zai same su. Daga nan sau ɗaya a rana, abin da za su cinye a minti biyu. Kullum ki canza kashi 30 zuwa 50 har gwaji ya riƙa ba da sifiri.

Baban_Ruwa: Ƙari a kan bayanin Malam, game da hakin nan. Naitirait tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, shi ya sa kifi ke shaƙewa alhali famfon iska na aiki. Ki leƙa ƙarƙashin marfin numfashinsa a gefen kai: ja mai kyau lafiya ce, ruwan ƙasa naitirait ce, ja jawur da kumburi kuma ƙunar amoniya. Gishiri yana tare shigar naitirait jiki. Giram 1 a kowace lita ya wadatar. Bayan tsakuwa da kayan ado ruwanki bai fi lita 50 ba, wato giram 50. A narkar da shi a kofi tukuna.

Ɗigon jela shi ne abin sa ido. Idan ɗigogin sun yi kamar an barbaɗa gishiri, suna ƙaruwa daga yau zuwa gobe, ciwon farin ɗigo ne. Ƙwayar tana ɓoye ƙarƙashin fata inda magani ba ya kai mata. Sai ta faɗo ƙasa, ta hayayyafa, 'ya'yan su fito neman kifi, a nan kaɗai ake iya kashe su. Saboda haka ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce. A ɗaga gishirin zuwa giram 3 a lita, ana ƙara giram 1 kowace rana, a riƙe shi mako biyu. Duk ruwan da aka canza, a mayar da gishirin abin da aka cire kawai. Wasu suna ɗaga zafi zuwa digiri 30 don ƙwayar ta gaggauta fitowa.

MaiTanki: Batun ɗaga zafi ban goyi baya ba a wannan tankin. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, amoniya kuma tana ƙara guba da zafi, ga shi jan kifin ado na ruwan sanyi ne. Kifin da ke haki kar a ƙara masa nauyi. Gishirin dai na yarda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zafin ya tsaya wuri ɗaya, musamman da hunturu da dare ke sanyi rana ta yi zafi. A ɗauke tankin daga bakin taga.

Hajiya, kar ki wanke soson filta da ruwan famfo, kulorin zai kashe 'yan bakteriyar da suka fara kamawa. A matse shi cikin ruwan da aka cire daga tanki. Kar a fasa kafson maganin ɗan'adam a zuba, haka ma shuɗin maganin kifi (methylene blue), duk suna kashe bakteriyar. Idan an ɗauke wuta na sa'o'i da yawa, a ciro soson a saka cikin tankin, a kunna famfon iska mai batir.

Sannan lita 60 ba za ta riƙe 6 ba ko bayan komai ya daidaita. Ki cire 4 ki kai su babbar roba mai iska, ko ki mayar wa mai shagon. Ki turo mana lambobin gwajin da hoton jelar daga kusa.