Neman shawara kan karatun uwa ga 'ya'yanta a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya

Malamar firamare: Assalamu alaikum. Ina haɗa darasi kan yadda iyaye mata a Ingila suke karanta wa 'ya'yansu littafi a bayyane a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Don Allah, da me ya kamata in fara?

Tsohon malamin tarihi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki nemi Praeterita, tarihin rayuwar marubucin Ingila John Ruskin da ya rubuta da kansa, wanda ya soma fitowa a 1885. A ciki ya faɗi yadda mahaifiyarsa take zaunar da shi kullum su karanta Baibul, ita aya shi aya, tana gyara masa lafazi, tun daga farko har ƙarshe, kuma idan sun sauke sai su koma farko washegari. Ya ɗauki wannan horo a matsayin mafi daraja a duk iliminsa. Sai dai ki lura cewa a 1819 aka haife shi, don haka yarintarsa ta riga hawan sarauniyar.

Ma'aikaciyar laburare: Baba ya yi gaskiya, amma kada ki tsaya kan littattafan addini, Malama, ko da yake a gidaje da yawa su kaɗai ake yarda a buɗe ranar Lahadi. A sauran ranaku iyali kan kewaye fitila da dare, mutum ɗaya na karatu, mata na ɗinki. Labaran marubuci Charles Dickens da dama kashi-kashi suke fitowa duk wata a kan sule ɗaya, kuma masu hali kan biya laburaren Mudie da ke Landan gini ɗaya, wato sule ashirin da ɗaya, a shekara su riƙa aron littattafai. Ki duba kuma Aunt Judy's Magazine, mujallar yara da Margaret Gatty ta fara fitarwa a 1866.

Ɗalibin jami'a: Abin da ke damuna, Yaya, shi ne duk waɗannan gidajen masu rufin asiri ne. Macen da ta wuni a masaƙar auduga a Mancesta ba ta da wannan sararin, kuma bayan dokar ilimi ta 1870, a gidajen talakawa da yawa yaron da ya shiga makaranta ne yake karanta wa uwarsa. Ina roƙon a sa wannan a darasin.

Malamar firamare: Na gode ƙwarai. Zan fara da Ruskin, sannan in ware rana guda ga gidajen ma'aikatan masaƙa.