Dashen itatuwa ranar 5 ga Yuni: mu dasa ko mu jira damina ta zauna?

Sakataren Matasa: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu a Katsina ta tara kuɗin dashe ɗari don firamaren unguwa. Shugabanni suna so a dasa ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, don ranar ce baƙi za su zo. Makarantar ba ta da katanga, famfon burtsatse kuma yana can bakin masallaci. Mu dasa ranar ko mu jira? Wane iri kuma ya dace?

Malamin Gandu: Wa alaikumus salam. Farkon Yuni ruwa bai zauna a Katsina ba, yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke kwana goma ko fiye. Dashe ɗari, kowane lita 5, jarka ashirin ke nan duk ranar ban-ruwa. Wa zai ɗebo? Ku haƙa ramukan yanzu, zurfi da faɗi santimita 50, tazara mita 6. Ƙasar sama a ware ta, a cakuɗa da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki a mayar cikin ramin. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake, taki mai kara-kara kuma gara yake kira. Ranar taron ku dasa goma a gaban baƙi, sauran sai tsakiyar Yuli. A dasa da yamma, a tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta nannaɗe a gindi a datse ta. Darbejiya da maɗaci sun fi jure wahala.

Hajiyar Lambu: Mangwaro mai aure za ku dasa, shekara uku zuwa huɗu yara sun fara sha. Naira 1,500 ne guda.

Abban Yusra: Hajiya, ya ce babu ruwa kusa. Kuma 1,500 ta yi yawa, wajen masu reno a bakin titi 700 ake sayarwa, darbejiya 200.

Hajiyar Lambu: Na 700 ɗin nan duba gindinsa, ɗana. In ba ka ga tabon auren ba, ƙwallo kawai aka shuka.

Baba Mai Ritaya: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Akwai firamaren da aka dasa wa ɗari biyu a irin wannan rana. An kafa rumfa, an raba riguna, an ɗauki hoto, kuɗin rumfar ma ya fi na dashen. Ba a yi wa ko ɗaya shinge ba. Ƙarshen Yuli aka tafi dogon hutu, filin ya koma na awaki da 'yan ƙwallo. Da aka dawo a Satumba waɗanda suka rage ba su kai ashirin ba, su ma Maris da Afrilu suka ƙarasa su, don ba wanda aka ɗora wa ban-ruwan rani. Shekara ta zagayo aka sake haƙa ramuka a gurbin na bara, aka sake taro. Abin da ciwo. In ba ku da kuɗin keji, ku rage dashen zuwa talatin, ragowar kuɗin a sayi waya da turaku uku-uku, tsayin ya kai mita ɗaya da rabi. In babu waya, a kewaye da ƙayar magarya. Kowane aji a ba shi itatuwansa da sunan malami.

Autan Mama: Awakin unguwa ma sun sa ranar 5 ga Yuni a kalandarsu, walima ce.

Ɗan Maraɗi: Shi ya sa mu a Nijar 3 ga Agusta muke bikin dashe, ranar samun 'yancin kai, lokacin ƙasa ta jiƙu. Amma abin da ya maido da itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram sassaben zamani ne, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya yaɗa tun shekarun 1980. Kututturen gawo ko kalgo da ya yi toho, a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a sassabe sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban-ruwa.

Malamin Gandu: Gaskiya ne a gona, ɗan'uwa. Filin makaranta da yara suka daddaɓe wane kututture ya rage a ciki?

Ɗan Maraɗi: Malam, ku ma'aikata komai sai na leda. Manomi ya fi takarda sanin ƙasa.

Abban Yusra: A bar wannan. Ni tambayata, in sun girma wa zai hana a sare? Dubi motocin gawayi da ke shigowa gari kullum.

Hajiyar Lambu: Kada a ɗora wa mata laifi. Gas ya yi tsada, kananzir ya gagara, da me za a dafa tuwo? Murhu mai tsimin itace ake ta faɗa a rediyo, a kasuwarmu ban gan shi ba.

Baba Mai Ritaya: Ba mai girki ke kayar da ɗorawa da kaɗanya ba, Hajiya, masu injin yanka ne, kuma da rana tsaka suke wucewa da lodinsu.

Sakataren Matasa: Na gode, iyayena. Wayar kejin nan, nawa ake sayar da bandir ɗaya yanzu, kuma itace nawa zai kewaye?