Injin ban-ruwana ya buga a hannun ƙanina: wa zai biya kuɗin gyara?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan maganar nan tana hana ni barci.

Ni manomin rani ne a yankin Kura. Gonata tana kan tudu kaɗan, ruwan kanal ba ya hawa sai an ja shi da inji. Shekara biyu da suka wuce na sayar da tumakina biyu, na cika kuɗi na sayi injin ban-ruwa mai inci uku da tiyonsa. Bana alkama na shuka, ita kuwa ba kullum take shan ruwa ba, sai bayan mako guda ko fiye, saboda haka injin yakan yi kwanaki a ɗaki.

Ɗan ƙanin mahaifina ya dasa tumatir, ba shi da inji. Ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, ka taimaka min da injinka ranakun da ba ka aiki da shi, in na fara tsinka zan riƙa ganinka da wani abu." Na ce je ka ɗauka. Iyakar maganarmu ke nan. Ba shaida, ba takarda, ba mu faɗi ko nawa ne wani abun ba.

Mako biyar muna haka. Sau biyu ya aiko min da kwandon tumatir, sau ɗaya naira dubu biyar. Ranar Asabar sai ga yaro ya turo injin a baro, wai ya ƙi tashi. Bakanike ya buɗe ya ce ya buga, babu baƙin mai a ciki sai ɗan guntu baƙi ƙirin. Gyara naira dubu 48.

Da na yi masa magana sai ya ce ai haya ce tunda yana ba ni wani abu, kuma mai kaya ke gyara kayansa. Ni a zuciyata aro na ba shi. Mahaifiyata ta ce in bar maganar saboda zumunci. To amma alkamata tana fitar da kai, lokacin da ba ta jure ƙishi ke nan, kuma ba ni da kuɗin. Aro ne ko haya? Wa gyaran ya hau kansa?

Bakanike Mai Sifana ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ni ɓangaren ƙarfe zan yi magana. Irin waɗannan ƙananan injina baƙin man da suke ci bai kai lita guda ba, kaɗan ya haura rabin lita. Ka'idarsa a duba sandar mai kullum kafin a ja igiya, a kuma juye shi a zuba sabo bayan kamar awa ɗari na aiki, a wurin ƙura ma kafin nan. Mai tumatir yana iya cinye awa ɗarin nan cikin mako biyu zuwa uku. Inji ba ya bugawa haka kawai, sai ya yi ta ƙara da hayaƙi tukuna, mai kunne zai ji.

Amma ina da tambaya, kada ka ji haushi. Yaushe rabonka da juye man kafin ka ba shi? In ka miƙa masa inji da tsohon mai tun na bara, kai ma kana da kaso a ciki.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malam Ɗan Fadama, Allah ya mayar maka da alheri. A fiƙihunmu na Malikiyya aro daban, haya daban, kuma bambancinsu ya shafi tambayarka kai tsaye.

Aro shi ne ka ba mutum ya amfana da kayanka kyauta. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an nuna cewa mai aro yana lamunce abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan aiki, amma ba ya lamunce irin dabba sai in ya wuce iyaka. Akwai kuma labarin sulkunan da Manzon Allah (SAW) ya ara a wurin Safwanu ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, aka yi maganar lamuninsu tun kafin a karɓa.

Haya kuwa amfani ne da aka saya da kuɗi. Mai haya amintacce ne. In kaya ya lalace a hannunsa ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Sai dai haya tana inganta ne idan an ambaci kuɗi an yanke lokaci. "Zan riƙa ganinka da wani abu" ba farashi ba ne. Wannan shi ne ramin da ku biyun kuka faɗa.

Ga inda nake so ka lura: ko aro ne ko haya, sakaci yana jawo biya. Wanda ya yi mako biyar yana jan igiya bai taɓa duba mai ba, da wuya a wanke shi. Kuma in ya dage haya ce, sai a lissafa masa kuɗin hayar irin wannan injin a garinku na duk ranakun da ya yi aiki da shi, a cire tumatir da dubu biyar ɗin. Ina jin lissafin ba zai yi masa daɗi ba. Ku zauna gaban wani malami ko dattijo da ku duka kuke jin nauyinsa, ya ji bakin kowa, don ni naka kaɗai na ji.

Hajiya Mai Rumfa ta amsa:

Ɗana, ni shekara tara ina bayar da hayar kujeru da rumfunan biki da janareta. Kujera nawa na yi asara a hannun 'yan uwa kafin in yi hankali! Bare yana jin tsoronka, ɗan uwa kuwa kunya ce ke hana ka tambayarsa.

Yanzu ina da littafi mai kwafi. Ko ƙanwata ce ta zo sai an rubuta: abin da ta ɗauka da adadinsa, ranar ɗauka da ranar dawowa, kuɗi nawa, kafin alƙalami nawa. Janareta kuwa sai an tayar da shi a gabanta, an zaro sandar mai ta gani, an ɗauki hoton lambar jikinsa da waya. A takardar akwai cewa fetur da baƙin mai nata ne, ba za ta ba wani ba, in ya tsaya ta kira ni kafin kowane bakanike ya sa masa hannu. Abin da tsufa ya cinye nawa ne, abin da ganganci ya ɓata nata ne. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Na taɓa rubuta cewa duk abin da ya sami kaya mai haya ne zai biya, ko gobara ce ko sata. Wani malami ya ce min yawancin malamai ba su yarda a ɗora wa mai haya abin da ba sakacinsa ba, sai na goge layin.

Farkon da na fara, an yi ta cewa Hajiya ta zama 'yar boko. Na ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Na Gidan Gona ya amsa:

Ni dai ina bayan Inna. Dubu 48 ba ta kai a daina gaisawa ba. Ku raba biyu kawai.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Bakanike, tambayarka ta tsaya min a rai. Gaskiya tun bayan girbin shinkafa ban juye man ba, kuma da zai ɗauka ban ce masa komai a kan mai ba. Na ɗauka ya sani.

Jiya da daddare muka zauna a zauren Baffa, yayan iyayenmu. Allah ya gafarta Malam, na faɗi lissafin nan naka na kuɗin haya, ƙanin nawa ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Shi ma ya amsa cewa kwana biyu kafin injin ya tsaya ya ji ƙararsa ta canja, amma ya ci gaba saboda tumatir ɗinsa na yaushi. Ni ma na faɗi nawa laifin a gaban Baffa. Aka yanke zai biya dubu 30 in cika 18. Ya kawo 20 da safiyar nan, ragowar sai ya yi tsinka ta gaba. Bakaniken da ke gyaran ya ce jibi zan karɓi inji, maƙwabcina kuma ya yarda ya ba alkamar ruwa gobe in zuba masa fetur.

Yaron nan har yanzu yana buƙatar inji, tumatir ɗinsa bai ƙare ba, ni kuma ba zan iya kallo ya ƙone ba. Zan sake ba shi, amma haya a fili, da kuɗi a rana, Baffa ya zama shaida. Hajiya, don Allah ki ɗauki hoton shafi ɗaya na littafin nan naki ki sa mana a nan, ki rufe sunayen mutane, in kwafa kafin jibi.